Gubar muhalli a cikin jini: abin da gwaji ke nunawa da abin da ba ya nunawa

Jini kaɗan a cikin 'yar kwalba yana iya tona abin da mutum ya shaƙa, ya sha, ko ya taɓa, wani lokaci har na shekaru goma da suka wuce. Na'urorin zamani sun yi kaifin da babu jikin da za a duba a rasa wani abu a ciki. Samun lambar sakamakon gwaji ba shi da wuya yanzu, fassarar ta ce aiki. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Me ake nufi da auna sinadaran muhalli a jini?

A da, in ana son a san ko mutane na cikin haɗari, sai a auna iska, ko ruwan sha, ko ƙasar da suke takawa, sannan a yi ƙiyasin abin da ya shiga jikinsu. Ƙiyasi kuwa yakan kuskure. Mutum biyu na iya kwana a ɗaki ɗaya, su sha ruwa ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya ɗaukar guba saboda irin sana'arsa, ko shekarunsa, ko yadda hantarsa da ƙodarsa ke aiki. Don haka aka koma auna jikin kansa: a ɗebi jini, ko fitsari, ko gashi, ko ruwan nono, a ga abin da ya shiga tabbas, ta kowace ƙofa ya bi.

Amurka tana cikin ƙasashen da suka daɗe suna yin wannan a tsare ga ƙasa baki ɗaya. Tun 1999 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasar, CDC, take gwada mutum kusan 5,000 duk shekara, waɗanda aka zaɓo don su wakilci al'umma. Rahotonta na farko a 2001 ya ƙunshi sinadarai 27. Na 2009 ya kai 212. Jamus kuwa tun shekarun 1980 take daskarar da jini da fitsarin matasa tana adanawa, domin duk ranar da wani sinadari ya tayar da hankali a koma a ga yaushe ya fara bayyana. Kanada ta fara nata a 2007, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka haɗa hannu a wani shiri daga 2017 zuwa 2022.

Ta ina waɗannan abubuwa ke shiga jiki?

Ta baki, ta hanci, ta fata, sai kuma daga uwa zuwa ɗanta ta mabiyiya ko ta nono. Abin da mutane suka fi rainawa shi ne ƙura. Yaro mai rarrafe yana kai hannu baki sau da yawa a rana, kuma abin da ke cikin ƙurar gida, ko ɓarɓashin tsohon fenti ne ko abin da mahaifinsa ya kwaso a tufafin aiki, ciki yake tafiya.

Me ya sa wani lokaci a ce jini, wani lokaci a ce fitsari ko gashi?

Domin kowane sinadari da inda yake maƙalewa da kuma tsawon zamansa. Masana suna lissafi da abin da za a iya kira wa'adin rabi, wato lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya fitar da rabin abin da ya shiga. Wanda bai gane wannan ba ba zai gane sakamakon kowane gwaji ba.

Dalma tana yin kusan wata ɗaya a jini kafin rabinta ya fita, amma ba waje take fita duka ba, ƙashi take komawa, inda take zama shekaru gommai. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi da haƙora take. Gwajin jini yana nuna ta kwanan nan, haɗe da 'yar wadda ƙashi ke sakowa. Zaiba, wadda wasu ke kira makuri, in irin wadda ake samu a kifi ce, wa'adinta kusan kwana 50 ne, kuma tana taruwa a gashi har ta ninka ta jini kusan sau 250. Tunda gashi yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, ana iya yanka sili a karanta shi kamar kalanda. Ƙarfen kadmiyam yana lafewa a ƙoda shekara 10 zuwa 30, don haka fitsari ne ya fi nuna abin da ya taru, jini kuwa na baya-bayan nan. Sinadarin arsenik mai guba yana barin jini cikin sa'o'i, neman sa a can ɓata lokaci ne, sai fitsari. Nan ma akwai tarko: wanda ya ci kifin teku ko jatan lande kwana biyu kafin gwaji zai ga lamba mai ban tsoro, alhali irin arsenik ɗin da ke cikinsu ba shi da wata illa ta a zo a gani. Shi ya sa ake cewa a ƙaurace musu kwanaki kafin gwajin, ko kuma ɗakin gwaji ya rarrabe nau'ukan.

Akwai kuma masu son kitse, irin su maganin ƙwari na DDT, da sinadaran masana'antu na PCB da dayoksin. Su a kitsen jiki suke kwanciya, abin da ake gani a jini inuwarsu ce, don haka ake auna su gwargwadon kitsen da ke cikin jinin. A ɗaya gefen ga sinadaran roba irin su BPA, waɗanda jiki ke fitarwa cikin sa'o'i kaɗan. Wanda aka gwada da safe aka sake gwadawa da yamma yana iya samun lamba biyu da ba su yi kama da juna ba. Gwaji ɗaya a kansu bai faɗi komai game da rayuwar mutum ba, abin da ya faru jiya kawai ya faɗa.

Yaya ake gwajin, kuma ana iya yarda da shi?

Ana ɗiban jini daga jijiya, a zuba a kwalbar da aka tabbatar ba ta da ƙarfen da ake nema. A ɗakin gwaji, ƙarafa ana ƙona su ne a wuta mai tsananin zafi har su rarrabu, sai na'ura ta tantance su ta nauyinsu ta ƙirga. Sauran sinadarai kuma ana fara tace su ta wani siririn bututu, kowane ya fito a lokacinsa, kafin a auna.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne gurɓata. Clair Patterson, masanin Amurka da ya auna shekarun duniya a shekarun 1950, ya sha fama da dalmar da ke shiga samfuransa daga iska da kayan aiki, har sai da ya gina ɗakin gwaji mai tsananin tsabta. Daga nan ne ya gane cewa dalma ta cika ko'ina, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana yaƙi da zuba ta a fetur. Matsalar tana nan har yau. Jinin da aka ɗiba ta huda yatsa yana iya kwasar dalmar da ke kan fata, shi ya sa duk lambar da ta yi sama ta wannan hanya sai an tabbatar da ita da jinin jijiya. Neman sinadarin roba a jini kuwa, alhali sirinji da bututu da murfi duk roba ne, sai wanda ya san aikinsa.

An samu sinadari a jinina. Ke nan na kamu da cuta?

A'a. Samu daban, illa daban. Yawancin waɗannan abubuwa ana auna su ne da nanogram a kowace mililita, wato kashi ɗaya cikin biliyan. In ana son a kwatanta, daƙiƙa ɗaya ce cikin shekara kusan 32. Na'urar da ke ganin wannan za ta ga wani abu a jikin kowa, har da wanda ke zaune a tsibiri mai nisa. Likitan nan na ƙarni na 16, Paracelsus, ya ce yawan abu ne ke mayar da shi guba, kuma har yanzu a kan wannan ilimin guba ya ginu.

Sai dai a lura da lambobi iri biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai lambar kwatanci, wadda ke cewa ka fi kashi 95 ko 97.5 cikin 100 na jama'a. Wannan ba ta ce za ka yi ciwo ba, ba ta kuma ce wanda ke ƙasa da ita ya tsira ba, matsayinka a layi kawai ta nuna. Akwai kuma lambar lafiya, wadda aka ciro daga binciken illa. Jamus tana da matakai biyu na irin wannan: ƙasa da na farko babu abin damuwa, sama da na biyu dole a ɗauki mataki, tsakaninsu kuma a sake gwaji a nemi tushe. Irin wannan lamba ta lafiya sinadarai kaɗan ne ke da ita. Ga mafi yawansu, ɗakin gwaji zai ba ka adadi, likita kuma ya rasa ma'aunin da zai ɗora shi a kai.

Me ya sa ake yawan maganar dalma?

Domin ita ce aka fi sani, kuma ita ce ta koya wa duniya darasi mafi ɗaci. A shekarun 1960 likitocin Amurka ba sa ɗaga gira sai dalmar jinin yaro ta kai maikirogram 60 a desilita. Aka sauko zuwa 40, sai 30, sai 25 a 1985, sai 10 a 1991, sai 5 a 2012, sai 3.5 a 2021. Dalmar ba ta ƙara dafi ba, ido ne ya ƙara buɗewa. A 1979 wani likitan yara a Amurka, Herbert Needleman, ya tattara haƙoran madara da yara 'yan makaranta suka zubar, ya nuna cewa masu dalma da yawa a haƙori sun fi rauni a karatu da natsuwa, alhali ba a taɓa cewa ba su da lafiya ba. Binciken da ya haɗa bayanan ƙasashe da dama a 2005 ya nuna wani abin mamaki: asarar basira ta fi sauri a ƙananan matakai, wato maikirogram goma na farko sun fi goma na biyu ɓarna. Yau matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne babu wani adadin dalma da aka san ba shi da illa.

Yara suka fi shan wahala saboda hanjinsu ya fi na manya zuƙar ta ninki-ba-ninki, musamman in suna da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko na ƙashi a jiki, ga kuma ƙwaƙwalwa tana kan ginuwa. Ga manya, hawan jini da ciwon zuciya da lalacewar ƙoda ne kan gaba. A 2020 asusun UNICEF da wata ƙungiya mai suna Pure Earth suka ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da dalma maikirogram 5 a desilita ko fiye a jininsa. Tushenta ya haɗa da fasa tsofaffin batura, da fenti, da tukwanen da aka narka daga tarkacen ƙarfe, da kayan ƙamshin girki da aka yi wa algus don launi, da wasu nau'ukan kwalli, da bututun ruwa, da haƙar ma'adinai.

Gwajin jini ne ya fallasa manyan masifu biyu na wannan zamani. A Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa ta tarar cewa jinin yara da yawa ya wuce 65, iyakar abin da na'urar tafi-da-gidanka ke iya karantawa. A birnin Flint na Amurka kuwa, bayan an sauya wa garin ruwan sha a 2014, wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta koma kan tsofaffin sakamakon gwajin asibiti ta nuna cewa yaran da dalmarsu ta yi sama sun tashi daga kashi 2.4 zuwa 4.9 cikin 100. Hukumomi sun musanta da farko, amma lambobin ba su ba su wurin tsayawa ba.

Mene ne PFAS da ake cewa ba sa ruɓewa?

Dangi ne na sinadarai dubbai da ake amfani da su tun shekarun 1940 zuwa 1950 don kada ruwa ko mai su kama abu: tukwanen da girki ba ya kamawa, tufafin da ruwa ba ya jiƙawa, takardar naɗe abinci, da kumfar kashe gobara. Haɗin da ke tsakanin kabon da fulorin a cikinsu yana da ƙarfin da rana da ƙwayoyin ƙasa ba sa iya warware shi. Su ba kitse suke bi ba, furotin ɗin jini suke kamawa, don haka jini ne wurin auna su, kuma wasunsu shekaru suke yi kafin rabinsu ya fita. Gwaje-gwajen Amurka sun same su a jinin fiye da kashi 98 cikin 100 na mutane.

Mafi yawan abin da aka sani game da illarsu ya fito ne daga wata shari'a. Masana'antar kamfanin DuPont da ke kusa da Parkersburg a jihar West Virginia ta gurɓata ruwan sha da nau'in da ake kira PFOA. A cikin sulhun da aka yi, aka ɗebi jinin mutum kusan 69,000 tsakanin 2005 da 2006, aka kafa kwamitin masana uku. Zuwa 2012 kwamitin ya ce akwai yiwuwar alaƙa da cututtuka shida: sankarar ƙoda, sankarar maraina, ciwon tayirod, gyambon babban hanji, yawan kitsen jini, da hawan jinin masu ciki. Wani bincike a tsibiran Faro, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna cewa yaran da ke da PFAS da yawa garkuwar jikinsu ba ta amsa allurar rigakafin mashaƙo da tetanas sosai. A 2023 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa PFOA a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara.

A 2022 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta ba likitoci ma'auni: ƙasa da nanogram 2 a mililita ba a sa ran illa, daga 2 zuwa 20 akwai yiwuwarta, daga 20 zuwa sama haɗarin ya ƙaru, a riƙa duba kitsen jini da ƙoda da tayirod.

Ta yaya ake sanin cewa sinadarin ne ya jawo cutar, ba wani abu ba?

Nan ne gizo ke saƙa. Ba za a shayar da mutane guba don gwaji ba, sai dai a kalli waɗanda ta riga ta shiga jikinsu, a kwatanta. Kwatancen kuwa cike yake da ramuka.

Rami na farko: guba ba ta zuwa ita kaɗai. Wanda ke zaune kusa da masana'anta sau da yawa shi ne mai ƙaramin ƙarfi, mai ƙarancin abinci mai gina jiki, mai nisa da asibiti. In ɗansa ya yi rauni a karatu, wanne za a kama? Rami na biyu ya fi wayo, shi ne a ɗauki sakamako a matsayin sanadi. Ƙodar da ta fara rauni ba ta tace jini da kyau, sai sinadari ya taru. Mai bincike ya zo ya ga masu ciwon ƙoda sun fi kowa sinadarin, ya ce shi ne ya lalata ta, alhali lalacewar ce ta tara shi. Haka ma jinin al'ada yana fitar da PFAS duk wata, don haka macen da al'adarta ta ɗauke da wuri za ta fi tsararta yawansa a jini, ba tare da shi ne ya ɗauke ta ba.

Maganin wannan shi ne a ɗebi jini tun mutane na da lafiya, a bi su shekaru. Abin da ya faru a Seveso ta Italiya misali ne mai kyau. A 1976 wata masana'anta ta fashe ta watsa dayoksin a kan gari. A lokacin babu na'urar da za ta auna shi a ɗan jini, amma wani likita ya daskarar da dubban samfura ya ajiye. Bayan shekara goma da wani abu na'urar ta samu, aka auna, aka san abin da kowa ya ɗauka a ranar, aka kuma bi lafiyarsu da ta 'ya'yansu. A ganina wanda ya yi tunanin ajiye jinin nan ya yi wa ilimi hidimar da ta fi ta masu rubuta manyan rahotanni da yawa.

Zaiba fa? An ce a daina cin kifi?

Ba a ce ba. Zaibar da ke sauka a ruwa ƙwayoyin halitta suna mayar da ita wani nau'i mai shiga ƙwaƙwalwa, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙarami, tana taruwa tana hawa. Don haka manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu kuma masu tsawon rai su ne abin gudu ga mai ciki da ƙananan yara, ƙananan kifaye kuwa amfaninsu ya rinjayi haɗarinsu. An gane munin wannan guba a Minamata ta Japan a 1956, inda aka haifi yara da nakasar ƙwaƙwalwa alhali iyayensu mata ba su nuna wata babbar alama ba, sai kuma a Iraƙi a 1971 zuwa 1972, lokacin da mutane suka ci irin alkamar shuka da aka yi wa magani da zaiba, sama da 6,000 suka kwanta asibiti, ɗaruruwa suka rasu. Yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013 sunan Minamata ta ɗauka.

Zaibar da masu haƙar zinare ke ƙonawa suna shaƙar tururinta, da wadda ake sa wa a wasu mayukan bilicin, nau'i ne daban. Ita a fitsari ake neman ta, kuma ƙoda da jijiyoyi take taɓawa.

Ina da ciki, ko ina shayarwa. In daina ba da nono?

Kada ki daina. Gaskiya ne ana samun DDT da PCB da PFAS a ruwan nono, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 1987 take amfani da nono wajen auna gurɓatar ƙasashe saboda yawan kitsensa. Amma matsayin hukumar bai sauya ba: amfanin shayarwa ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Inda ake yin taka-tsantsan shi ne uwar da dalmar jininta ta yi sama ƙwarai, wannan kuwa likita ne zai yanke. Abin da ya kamata mai ciki ta sani shi ne, jiki yana ɗibar sinadarin ƙashi daga ƙashinta don gina na jariri, kuma tsohuwar dalmar da ta kwanta can tun tana yarinya tana biyowa. Samun isasshen sinadarin ƙashi a lokacin goyon ciki yana rage wannan.

Wa ya kamata ya yi gwaji?

Wanda ke da dalili. Yaron da ke zaune inda ake fasa batir, ko narka ƙarfe, ko niƙa ma'adinai, ko a tsohon gida mai fenti yana ɓarewa. Ma'aikacin irin waɗannan wurare da iyalinsa. Mai feshin maganin ƙwari, wanda shi ba maganin ake nema a jininsa ba, wani sinadarin jiki ne da maganin ke danne wa, don haka sai an auna shi kafin lokacin feshi a samu abin kwatantawa. Ma'aikacin kashe gobara da ya daɗe yana aiki da kumfa. Al'ummar da aka tabbatar ruwanta ya gurɓata. Sai wanda ke da alamun da aka rasa dalilinsu, kamar ciwon ciki da ƙarancin jini da kasala tare, ko rawar hannu, ko farfaɗiyar da ta zo wa yara da yawa a wuri ɗaya.

Mai lafiya da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya biya a auna masa sinadarai ɗari don son sani kawai, yawanci takarda mai cike da lambobi zai samu da rashin barci.

Ana iya wanke jini daga waɗannan abubuwa?

Ga ƙarafa akwai magungunan da ke kama su su fitar ta fitsari. Ana ba yara in dalma ta kai 45 ko fiye, kuma suna ceton rai. Amma wani babban gwaji a Amurka, wanda aka wallafa a 2001, ya ba da maganin ga yaran da dalmarsu ke tsakanin 20 da 44: lambar jini ta sauka, basirar da aka rasa ba ta dawo ba. Kuma ba da maganin ga yaron da zai koma cikin ƙurar da ta kawo shi zuba ruwa ne a kwando. A Zamfara sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin a mayar da yara.

Ga PFAS, wani gwaji a Ostareliya a kan ma'aikatan kashe gobara 285, wanda ya fito a 2022, ya nuna cewa ba da gudummawar ruwan jini a kai a kai na shekara ɗaya ya rage shi da kusan kashi 30 cikin 100, ba da jini gaba ɗaya kuma da kusan kashi 10. Lamba ta sauka, ko lafiya ta ƙaru da hakan da sauran rina a kaba.

Masu tallar shayi da ƙwayoyin wanke guba da abin mannawa a tafin ƙafa kuwa, babu hujja a bayansu. A kuma yi hattara da wata dabara: a ba mutum maganin kama ƙarfe, a auna fitsarinsa nan take, a nuna masa lamba ta yi sama. Ko wa aka yi wa haka za ta yi sama, don aikin maganin ke nan.

Gaskiya ne an samu ɓarɓashin roba a jinin mutane?

A 2022 masu bincike a Holan suka gwada jinin mutum 22, suka ce sun samu a 17. A 2024 wani bincike a Italiya ya duba kitsen da aka ciro daga jijiyar wuyan marasa lafiya 257, ya samu roba a fiye da rabinsu, kuma waɗannan sun fi sauran fuskantar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa a cikin kusan shekara uku da suka biyo. Abin lura ne, amma fage ne sabo, hanyoyin aunawar ba su daidaita ba tukuna, kuma wasu masana suna nuna cewa kitsen jiki kansa yana iya rikita na'urar ta ɗauke shi roba.

In kowane sinadari kaɗan ne, haɗuwarsu fa?

Dokoki ɗaya bayan ɗaya suke duba sinadarai, jiki kuwa gaba ɗaya yake karɓar su. Waɗanda ke bugun wuri ɗaya, kamar dangin dayoksin, an san ƙarfinsu yana haɗuwa, har akwai hanyar tara su a lamba guda. A 2005 wani masani, Christopher Wild, ya kawo shawarar a riƙa nazarin duk abin da mutum ya ci karo da shi daga ciki har kabari, kamar yadda ake nazarin ƙwayoyin gado. Yanzu akwai na'urorin da ke kwaso alamu dubbai daga ɗigon jini ba tare da an gaya musu abin da za su nema ba, sai dai yawancin alamun ba a ma san sunan mai su ba.

In aka hana amfani da sinadari, yana raguwa a jinin mutane?

Ƙwarai, kuma a nan ne wannan aiki ya fi nuna amfaninsa. Tsakanin 1976 da 1980, yayin da ake rage dalma a fetur a Amurka, dalmar jinin jama'a ta sauka da kusan kashi 37 cikin 100, layukan biyu suna tafiya tare kamar an ɗaure su. Wannan sakamakon yana cikin abin da ya hana a sassauta dokar rage dalma a fetur. A wancan lokaci matsakaicin yaro yana da kusan 15, yau bai kai 1 ba. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da fetur mai dalma, a 2021. Alamar hayaƙin taba a jinin Amurkawan da ba sa sha ta sauka daga kusan kashi 88 cikin 100 na mutane a ƙarshen shekarun 1980 zuwa kusan kashi 25 a 2012, bayan hana shan taba a wuraren jama'a. PFOS, wani nau'in PFAS wanda kamfanin 3M ya sanar da daina yi a 2000, ya ragu da fiye da kashi 85 cikin 100 a jinin Amurkawa.

Masu tsawon rai dai suna jan ƙafa. An hana DDT a Amurka tun 1972, amma har yau ana samun ragowarsa a jinin waɗanda aka haifa shekaru bayan hanin. Wani lokaci kuma tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri: aka cire BPA daga kwalaben yara, aka maye gurbinsa da ɗan'uwansa BPS, sai ga shi ya fara bayyana a fitsarin mutane.

Na karɓi sakamako. Me zan tambayi likita?

Ka fara da ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin maikirogram a desilita da maikirogram a lita bambancinsu ninki goma ne, kuma mutane da yawa sun firgita a banza saboda wannan. Ka tambaya da me aka kwatanta lambar, da ta jama'a ko da ta lafiya, ta yara ko ta manya. Ka tambaya ko jinin yatsa ne ko na jijiya, kuma yaushe za a maimaita. Sannan ku zauna ku bi sawun tushen: aikin da ake yi a gida ko kusa da shi, ruwan sha, tukwane, fenti, kayan shafa, magungunan da ba a san haɗinsu ba. In yaro ɗaya ne aka samu da dalma, a gwada duk waɗanda suke wasa a ƙasa ɗaya da shi, a fara da mafi ƙanƙanta da kuma duk mai ciki da ke gidan.